Katin Ɗan Hafiza

Ranar awo, Gudiya ta tafi asibitin Andarai da yara biyu: Waliyyu ɗanta na fari, da Alu ɗan faccalarta Hafiza, wadda aikin albasa ya riƙe. Surukarsu ta raka ta.

Bana an ƙaro gwajin suga. Malamar asibiti ta tsiri yatsun yaran, ta duba na'ura, ta daɗe tana duban ɗayansu. Sannan ta ɗauki katunan, masu sunayen iyaye mata, ta tambayi Gudiya wane yaron ne nata. Gudiya ta sunkuyar da kai, ta amsa irin amsar da 'yar mutunci ke bayarwa a gaban suruka. Tsohuwar ta yi murmushi.

A gida mijin Hafiza ya karanta katunan. Na Gudiya lafiya lau. Na Hafiza kuwa jan biro ne: suga ya hau, a kai yaro babban asibitin Jega da gaggawa.

Gudiya ta ji daɗi, kuma ba ta ɓoye ba. Dama ba sa ga maciji da Hafiza. Aka hana Alu zaƙi, ita ko ta shiga sayo alewa da lemon kwalba, tana ɗura wa Waliyyu a tsakar gida, Alu na kallo yana haɗiyar yawu.

"Sha abinka," take cewa. "Mu jininmu ba ya da cuta."

Zuwa Jega ya yi ta ja da baya, sai an gama cirar albasa. Alu dai sai ƙiba yake. Waliyyu kuwa ya kama rama, ya addabi randa, ya koma fitsarin kwance da shekara shida. Gudiya ta ce iskanci ne, ta zane shi da tsintsiya, ta ɗaura masa tabarmar da ya jiƙa a ka yara na yi masa waƙa.

Wata safiya ya faɗi a bakin randa, bai tashi ba. Gudiya ta saɓe shi, ko mayafi babu, ta ruga asibiti tana kiran sunansa, sunan da kunya ba ta taɓa barin ta faɗa ba.

Malamar ta taɓa wuyansa, ta ja zane za ta rufe shi, sai ta tsaya a kan fuskar.

"Ai wanga na nir rubuta a kai Jega tun wata biyu," ta ce a hankali. "Ba ke kin nuna mini ɗayan kic ce shi an naki ba?"