Mai Manja da Baƙon da Ya Roƙi Dagwalo

Tunda ka ce kai ba ka taimakon wanda ba ka san asalinsa ba, zauna in ba ka misalin wata mata mai dafa manja a ƙasar kurmi. Madafarta tana bakin rafi, nan uwarta ta yi sana'ar, nan ita ma ta buɗe ido ta tarar. Sai dai manja ba ya fita shi kaɗai. In ta dafa kwakwar manja ta kirɓa ta matse, ta kwashe man da ya taso, sai a bar ta da tulin zaren kwakwa da wani baƙin ruwa mai kauri, wanda warinsa kan taryi mutum tun daga hanya. Ta haƙa masa rami, ramin ya cika ya tumbatsa, ya gangara rafi. Kifi ya ƙaura, mata suka daina wanki a wurin, shanu kan sunsuna su juya. Da damina ta ɗauke, mai unguwa ya kira ta ya ce in ruwan farko ya sauka rafin bai gyaru ba, to ta kwashe tukwanenta ta bar wurin. Ta koma gida jiki a sanyaye, don ba ta da wata sana'a, ba ta kuma san inda za ta kai wannan dagwalo ba.

Ana cikin haka sai ga wani baƙo a kan babur da jarkoki, yana bin madafai yana roƙon a sam masa ruwan ramin. To, masu manjan wurin suna da camfi, wai wanda ya ɗebi dattin sana'arka ya tafi da shi ya ɗauke sa'arka, manka ba zai ƙara tasowa ba. Duk inda ya tsaya sai a kore shi, wata har da muciya ta raka shi. Ita ma gabanta ya faɗi, ba zan ɓoye maka ba. Amma ta ga rana ta gasa bawan Allah, leɓensa ya bushe, ta ce a ranta, wace sa'a ta rage mini da za a sace? Ta cika masa jarkokin, ta ba shi ruwan sha da dafaffen rogo. Da yake kuma hannunta bai saba sallamar mutum ba gyara ba, ta ɗora masa kwalbar manja. Maƙwabta suka yi ta dariya, wai ga mai ba da gyara a kan dagwalo.

Bayan wata biyu ya dawo, wannan karon da motar tanki, ya wuce kowace madafa ya tsaya a tata. Ashe mai bincike ne. Ya ce akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna cin wannan ruwan su tara wani abu a jikinsu yadda rago ke tara kitse, da shi ake yin leda mai ruɓewa. Ya miƙa mata guda. Ba ta musa ba, ba ta kuma yarda ba. Ta binne ledar a gindin ayaba inda take zuba ruwan wanke-wanke, ta kafa tsinke don shaida wurin, ta ga ko za ta ruɓe. Motar ta riƙa zuwa kowace Laraba tana zuƙe ramin, tana kwashe zaren. Kafin bazara ta tone gindin ayabar, ba ta samu ledar ba, sai baƙar ƙasa da tana.

Ranar da ruwan farko ya sauka, mai unguwa ya zo da sandarsa. Ya tarar da mata suna wanki, saniya ta kafa kai tana sha. Ya daɗe yana kallo, bai ambaci tukwane ba, sai cewa ya yi a auna masa manja kwalba ɗaya. Ta auna, ta ƙara masa gyara. Da ya tafi ta zauna kan turmin uwarta, ta gode wa Allah, ta yi wa baƙon nan addu'a har hawaye suka zubo mata.

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa suka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.