Baƙar Leda

Da ya hango baƙar ledar a hannun mai kwashe shara, sai ya manta da shekarunsa hamsin da tumbinsa, ya bi motar sharar a guje da silifa ɗaya.

Da wannan ledar aka kawo masa yarinyar riƙo, bayan gidaje huɗu sun mayar da ita. Wata bakwai ledar na ɗaure a ƙofar ɗakinta, tana jiran gida na gaba. Ko durowar da 'yan sa-kai na unguwa suka kawo mata ba ta taɓa buɗewa ba.

"Tsaya, bawan Allah, kayan 'yata ne!"

"To, maigida, ga dukiyarka," in ji mutumin.

Maigidan ya kwance ta a bakin titi yana haki. Ɓawon ayaba ne, da kwalin madara, da kazar da ya babbake jiya da sunan girki.

Yarinyar ta leƙo daga ƙofar gida tana dariya.

"Baba, ledar shara ce fa. Na riga na zuba kayana cikin durowa."

Da kansa ya ɗaure ledar, ya wurga ta cikin motar.