Kafinta da Hannun Ƙanensa

'Yar'uwa, bari in ba ki wani misali, ki riƙe shi don ranar da zuciyarki za ta raya miki ki yi wa wani alheri a ɓoye.

An yi wani kafinta da ƙanensa. Suna yara babu inda suke so kamar shagon gem na bakin tasha. Akwai wani dogon akwati a wurin mai talabijin a ciki, da gajeriyar sanda da ake juyawa, da maɓallai da in an danna 'yan mutanen cikin allon su yi ta tsalle suna dambe. Da suka girma ƙanen ya kama acaɓa, ran nan mota ta buge shi ta karya masa hannu. Mai ɗori ya yi iya yinsa, ƙashi ya haɗu, amma hannun hagu bai dawo daidai ba. Tun daga nan ya shige ɗaki. Ba majalisa, ba dariya, abinci ma sai an yi da gaske. Abin ya tsaya wa yayan a rai, ya ce ko zuwa tsakar gida ne sai ya fito da shi. Sai ya ƙudurta zai ƙera masa irin akwatin nan na yarinta, ba tare da ƙanen ya sani ba.

Katako dai sana'arsa ce, kayan ciki kuma wani mai gyaran rediyo ya haɗa masa. Saura sanda da maɓallai, to a nan mafarkin ido biyu ya kama shi. In ya jingina da bango bayan azahar, garin katako na yawo cikin hasken taga, sai ya riƙa ganin maɓallan suna iyo a gabansa, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, suna kawowa suna ɗaukewa kamar fitilun masu shayi daga nesa. Har ƙarar sandar yake ji, ƙas-ƙas, kamar ana ɓare gyaɗa a wani gida can. Da ya je kasuwa mai kaya ya baza masa su: wata sandar kanta dunƙule kamar lemun tsami, wata doguwa kamar 'yar taɓarya, wata da taushi, wata da tauri. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, hannun da ya saba jan zarto. Masu taushin sai ya ji kamar ya tsoma yatsa a kunu. Ya ɗauki wadda ta fi duka tauri, da maɓallai ƙanana masu wuta, da yawa, waɗanda sai an danna da ƙarfi. Ya huda falanki yadda ya saba gani, sanda a hagu, maɓallai a dama.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya lallaɓo ƙanen zuwa tsakar gida, ya yaye zanen da ya rufe akwatin. Fuskar ƙanen ta washe kamar an buɗe taga. Ya ɗora hannun hagu a kan sandar ya tura. Ɗan mutumin cikin allon ya tsaya cik ana ta jibgarsa. Ya sake turawa, yatsun suka zame. Ya daɗe yana kallon fitilun nan suna wasa a bayan hannunsa, sannan ya ce, "Ya yi kyau, Yaya. Allah ya saka." Ya koma ɗaki ya saki labule. Godiyar nan ta fi zagi yi wa kafinta ciwo.

Katakon da aka huda kuwa ya hudu ke nan. Ya kwance falankin ya jingine. Da safe ya ɗauki sabo da gutsuren gawayi, ya yi sallama, ya ɗora wa ƙanen a cinya ya ce, "Auta, sa hannuwanka inda suka ga dama." Ƙanen ya ce, "Awon makara ka zo yi mini?" Yayan ya ce, "Rufe mini baki ka sa." Sai ga hannun dama ya dunƙule da kansa kamar mai riƙe da sanda, na hagun ya kwanta shame-shame, babban yatsa da gindin tafi kaɗai ke motsi. Kafinta ya zagaye su da gawayi. Ƙanen ya ce, "Sandar nan taka ai sai mai dakan sakwara. In za ka sake saye, kada ka je kai kaɗai." Haka ya sa hula ya fita ƙofar gida, ya bi yayansa kasuwa. Ya zaɓi wata sanda mai laushi, ba kyan gani, da maɓallai 'yan kaɗan masu faɗi kamar murfin kwalbar zuma, waɗanda ko ƙuda ya sauka a kai sai sun lotsa. Ko ɗaya babu mai wuta. Kafinta ya ciro kuɗi ya biya.

Da aka ɗaura sabon falankin komai ya koma a juye, sanda a dama, maɓallai a hagu. Bayan la'asar matan maƙwabta suka jiyo dariya ta kan katanga har suka dakata da daka. Da aka miƙa wa kafinta wasan hannunsa ne ya rikice, ana ta kayar da ɗan mutuminsa, ƙanen yana cewa, "Haba Yaya, hannu biyu lafiyayyu, me ya hana ka? Tashi a sake!"

Shi ya sa Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.