Abin da Ta Faɗa a Bayan Labule

Mutumin ya daki teburin ma'aikatan jinya har allurai suka watse a ƙasa.

"Matata ce fa! Me ta gaya miki a bayan labulen nan?"

Nas ɗin ta durƙusa tana tsincewa, zuciyarta na tafasa. Yanzun nan ta gama ɗinke leɓen matar, ta kuma ga shatin yatsu a wuyanta, shi kuwa wai santsin banɗaki ne ya kwashe ta.

"Sirrin majinyaci amana ne, malam. Fita, ko in kira masu gadi."

"Ni kike ce wa malam?"

Ta miƙe, ta dube shi ido cikin ido.

"A gida kai Yayana ne, nono ɗaya muka sha. A nan kuwa, ita ce tawa."