Ƙahon Aro

Ranar Laraba ce, damina ta ja baya, sama garau, iska ko ganye ba ta kaɗawa. Wani manomi ya je maƙera ya karɓo bindigar da aka ƙera masa. Ba irin ta kasuwa ba ce. Sai da maƙerin ya auna hannunsa daga kafaɗa zuwa yatsa kafin ya sassaƙa ƙotar, ya kuma yi mata dogon baki siriri, don mutumin ya ce daga nesa yake son harbi. Gadu ne ya dame shi. Wani tsohon gadu ya gano gonar rogonsa ta bakin fadama, kullum da hantsi sai ya fito ya durƙusa ya tone kunya biyu ko uku, ya ci na ci, ya watsar da saura. Rogon nan kuwa shi ne abincin gidan har wata kaka, don gero bai yi ba a shekarar.

Da manomin zai tafi da bindigar, maƙerin ya ce masa ya fara gwada ta a jikin suri, ya nemo awon albarushin da take so. Manomi ya ga wannan ɓata lokaci ne da ɓarnar dalma. Ya biya gidan wani tsohon maharbi, wanda shekara talatin ba a ji ya harbi nama ya kuskure ba, ya ari ɗan ƙahon akuyar da yake awon albarushi da shi. A ganinsa awon da ya kashe ɓauna ba zai gaza gadu ba. Ya cika ƙahon fal, ya zuba, ya danna tsumma, ya jefa dalma, ya je ya laɓe bayan wata kanya. Gadu ya fito, taki arba'in tsakaninsu, ya ba shi haƙarƙari sosai. Manomi ya ja kunama. Bindiga ta yi tsawa, ta hankaɗe shi ya zauna a ƙasa, dalma ta bi ta saman gadon bayan dabbar ta karya wani reshe can gaba. Gadu ya ɗaga wutsiya ya shige ciyawa. Kwana uku bayan haka manomi ya sake samun sa, ya sake ɗurawa da ƙahon nan, ya sake kuskurewa. Daga ranar gadu ya san kanyar, ya san warin albarushi, ya daina shigowa ta nan. Kafin mako biyu rabin gona ya zama ramuka.

Manomi ya koma maƙera da kafaɗa a kumbure, ya ajiye bindigar gaban uwar maƙera, ya ce bakinta a karkace yake. Maƙerin ya ɗaga ta, ya leƙa cikinta ta hasken ƙofa, ya ajiye.

Ya ce, "Da awon wa ka ɗura ta?"

"Da na Baba maharbi. Ko shi ma bai iya ba ne?"

"Ya iya tasa. Tasa babban yatsana yana shiga bakinta, taka ƙaramin ma da ƙyar. Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi, ka zo kana ce mini gurgu na sayar maka. Gode Allah da ba ta fashe maka a fuska ba."

Ya koma kan zugarsa.

Washegari da sassafe manomi ya mayar wa tsoho ƙahonsa. Ya yanko sillen kara ya rarake shi, ya kafa sakaina a jikin suri, ya ƙirga taki arba'in. Ya fara da awo kaɗan. Harbi uku, ya je ya duba, ya zana da gawayi. Ya ƙara ƙanƙane, dalma iri ɗaya, tsumma iri ɗaya, bai sauya komai ba sai albarushin. A awo na huɗu ramuka uku suka taru inda tafin hannu ɗaya zai rufe su. Ya ƙara kaɗan don ya gani, suka watse. Ya koma na huɗun, ya sa wuƙa ya datse karan daidai nan, ya ɗaure shi da zare a wuyan bindigar. Awon bai kai kashi biyu cikin uku na ƙahon tsoho ba. Sannan ya saɓa ta, ya nufi rabin gonar da ya rage.

Kai da kake tambayata albarushi nawa nake zubawa a tawa bindigar, ka ji amsarka. Zanen aro ba ya rufe katara.