Dokar Sakin Dabbobi a Watan Rajab

Ka ce ba ka ga amfanin zama ana tonon dalilin doka ba, tunda ga ta a rubuce, aikin alƙali ya karanta ya yanke. To, ji wannan kafin ka hau kujerar alƙalanci.

A wani gari, kamar yadda aka saba a karkara, da damina ta sauka kowa yakan ɗaure dabbobinsa a turke, ba a sakinsu sai an kau da amfanin gona. Amma duk kaka sai an yi rigima, mai akuya ya ce lokaci ya yi, mai gona ya ce da saura. Da dagaci ya gaji da rabon faɗa, sai ya tara dattawa, aka yanke shawarar a tsayar da rana guda a rubuta. A shekarar, damin ƙarshe ya shiga rumbu mako biyu kafin tsayuwar watan Rajab. Malamin da ya riƙe alƙalami yana da kyakkyawan rubutu, sai dai tun da yake bai taɓa riƙe fartanya ba. Ya rubuta cewa ranar da watan Rajab ya tsaya, a saki dabbobi. Bai rubuta don me ba, saboda a ganinsa kowa ya sani. Cikin murnar an huta da rigima, ba wanda ya tuna cewa wata yana matsowa da kwana goma sha ɗaya duk shekara, damina kuwa ba ruwanta da lissafinsa.

Shekara ta farko aka wanye lafiya. Ta biyu aka yi girbi a gurguje, ana gunaguni. A ta uku, akwai wani manomi da gonarsa ke gefen fadama, inda danshi ke daɗewa, dawarsa da wakensa kullum su ne na ƙarshen nuna. Ya murza zangarniya a hannu, ya ga ƙwayar ba ta yi tauri ba, ya ƙirga da yatsu ya ga tana bukatar kwana ashirin, ga shi saura kwana biyu wata ya tsaya. Abincin shekarar gidansa ke nan, ba shi da wata gonar. Ya je ya durƙusa gaban dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe, dokar nan don me aka yi ta?" Dagaci ya ce, "Don a bi ta aka yi ta. In na ɗaga maka yau, gobe kowa ya zo da nasa uzurin, mu koma gidan jiya." Dagacin nan ba azzalumi ba ne, kuma maganarsa ba ta rasa gaskiya ba, don takardar ce ta kashe faɗan da ya hana gari zama. Manomi ya koma ya yi ta saran ƙaya yana shinge, amma ina, gonar ta fi ƙarfin hannun mutum ɗaya. Wata ya tsaya, mai shela ya zagaya gari, aka kwance turaku. Shanu suka kwantar da dawar, awaki suka bi ta kan waken, cikin kwana uku sai karmami.

Ya kai ƙara. Alƙali ya sa aka kawo takarda, ya karanta, ya sake karantawa, ya ce masu dabbobi ba su da laifi, ranar da doka ta ce a ranar suka saki. Manomi ya yi baƙin ciki ƙwarai, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne ba shi da wanda zai nuna ya ce shi ya cuce shi. Ya sayar da jakinsa ya bar wa iyali hatsin 'yan watanni, shi kuma ya tafi cirani.

Da shekara ta zagayo, watan Rajab ya doso dawar gari duka tana tsaye, har da ta dagaci da ta alƙali. Sai ga dattawa sun hallara ba tare da an aika musu ba, kowa yana tambayar da manomin ya yi bara: shin don me aka yi dokar nan? Amsar ba ta ɗauke su ko tsawon lokacin shan fura ba. Don a tsare abincin mutane aka yi ta, ranar da aka rubuta mai yi wa wannan manufa hidima ce kawai. Aka sake rubutu, wannan karon aka fara da dalilin, sannan aka ce ba a sakin dabba sai dattawa uku sun zaga gonaki sun shaida an gama girbi. Manomin yana zaune a bayan taro. Dokar ta gyaru, amma jakinsa bai dawo ba.

Kundin dokokin ƙasa ma takarda ce irin wannan, girma kawai ta fi ta. Wanda ya haddace ta bai san dalilinta ba, wata rana da ita zai kora shanu cikin gonar da aka rubuta ta don a tsare. Hausawa sun riga sun faɗa: idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.