Fankar Ɗakin Wanki

Narelle ta fizge wayar fankar daga bango.

"Baba, ba ka jin kunya? Mama na can gumi ya jiƙa mata zanin gado, kai ka kwaso fanka ka kawo wa ganye!"

Babanta Trevor bai ɗago ba. Yana tsugune a ɗakin wanki, gaban tukwane huɗu da ya shuka wiwi a ciki, ma'aunin zafi na rawa a hannunsa.

"Zafin garin nan namu na Lismore ne, ga laima, 'yar nan. Iska na tsayawa furen zai yi fumfuna. Da me zan haɗa mata man rage ciwo?"

"Ka kashe ta da zafi tukuna!"

Ta sungumi fankar ta kai ɗakin uwarta Glenys, ta kunna. Ciwon daji ya cinye Glenys, sai idanu. Iskar na taɓa ta, ta ce, "Mayar masa."

"Mama, likita fa ya ce..."

"Na ji shi sarai. Furen nan sai kaka zai nuna, ni kuwa ba zan ga kaka ba." Ta riƙo yatsun 'yarta. "Ba ki lura da hannunsa ba? Ko shayi ba ya iya kaiwa baki, barci ma ya ƙaurace masa. Babanki ba zai taɓa shuka wa kansa magani ba. Shi ya sa na ce masa ni zai shuka wa."

Narelle ta kashe fankar, ta naɗe wayar a hankali.

"Kada ki faɗa masa," in ji Glenys. "Ƙyale shi ya ci gaba da cetona."